MA'ANAR JUBILI: ƘAHON RAGO DA SHEKARAR 'YANCI



Tun da aka kafa kwamitin wannan biki, kalma ɗaya ce a bakin kowa. Tana kan katin gayyata, tana kan zanen da mata suka ɗaura, har yara ma sun iya faɗinta. Kalmar ita ce jubili, wadda Turawa suke rubutawa jubilee. Sa'ad da muke makarantar Littafi Mai Tsarki, malaminmu ya tambaye mu ma'anarta. Dukanmu muka ce biki ne na ci da sha. Ya yi murmushi, ya ce mu buɗe Littafin Firistoci sura 25. Abin da na koya a ranar shi nake so in ba ku yau.

Da fari, asalin kalmar ba Turanci ba ne. Daga Ibrananci ta fito, inda yobel yake nufin rago, ko ƙahon rago da ake busawa. Irin ƙahonin nan ne firistoci suka busa kewaye da Yariko, cikin Joshuwa sura 6. Da aka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, wajen shekara ta 400, kalmar ta yi kama da wata kalmar Latin mai nufin sowa ta farin ciki, sai mutane suka gama su. Daga Latin ta shiga Faransanci, daga nan ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14. Kun ga ke nan, ƙaho ne asali, murna kuwa a hanya kalmar ta tsince ta.

Na biyu, me Allah ya umarta? Ya ce wa Isra'ila su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, wato 49. A rana ta goma ga wata na bakwai, Ranar Kafara, a busa ƙaho ko'ina cikin ƙasar, a keɓe shekara ta 50. A shekarar ba shuka, ba girbi. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado, gonarsa ta koma hannunsa. Ba'isra'ile wanda ya sayar da kansa ga bauta, a sake shi ya koma wurin danginsa. Ko kuɗin gona ma, bisa ga yawan girbin da ya rage kafin jubili ake yanka shi. Dalili kuwa shi ne, ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Ku lura da ranar da ake busa ƙahon: ranar da Allah yake gafarta zunubin jama'a. Wanda aka yafe wa, shi ne ake ce wa ya saki ɗan'uwansa.

Na uku, kalmar ta yi rassa da yawa. A 1300 Paparoma Bonifas na Takwas ya sanar da shekarar jubili a Roma, daga baya Katolika suka mai da ita kowace shekara 25. A Amurka, bayi baƙar fata sun kira 'yancin da Shugaba Linkon ya sanar a 1863 ranar jubili. Sarakunan Ingila kuwa suka sa ta zama bikin cika shekaru. Sarauniya Biktoriya ta yi jubilin zinariya a 1887, na lu'ulu'u kuma a 1897 da ta cika shekara 60 a kan gadon sarauta. Sarauniya Elizabet ta yi na azurfa a 1977, na zinariya a 2002, na shekara 70 kuma a 2022. Nijeriya ma ta yi jubilin zinariya na mulkin kai a 2010. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Gab da shekara ta 2000, ikilisiyoyi da ƙungiyoyi a ƙasashe da yawa suka ɗauki sunan jubili suna roƙo a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. A 2005 ƙasashe masu bin Nijeriya bashi suka yafe mata wajen dala biliyan 18.

'Yan'uwa, wace ma'ana za mu ɗauka? In zinariya da sowa kaɗai muka ɗauka, gobe a kwashe rumfuna, a wanke tukwane, jubili ya ƙare. Ubangijinmu ya tsaya a majami'ar Nazarat, cikin Luka sura 4, ya karanta annabcin Ishaya game da bishara ga matalauta da sakin ɗaurarru, ya kuma shaida musu cewa a ranar maganar ta cika. Shi ne jubilinmu, mu kuwa mutanensa ne.

Saboda haka zan yi tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. Akwai gonar gwauruwa ko ta marayu da take jingine a hannunka, ka ci amfaninta har ya ninka kuɗinka? Akwai ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada domin kunyar bashin da kake binsa? Akwai yarinyar da take aiki a gidanki, 'ya'yanki suna makaranta ita tana wanke-wanke? Akwai gidaje biyu a cikinmu da suke zuwa teburin Ubangiji tare, amma ba su gaisuwa saboda iyakar gona? Iyayenmu da suka fara sujada a wannan wuri ba su da zinariya. Abin da suke da shi suka raba da juna, shi ya sa muke nan yau.

Ban ce kada mu yi murna ba. Mu ci, mu sha, mawaƙa su raira, gama Allah ya riƙe mu shekara 50. Amma kafin shekarar nan ta ƙare, bari a mayar da gona, a yafe bashin da za a iya yafewa, a sa yarinya a makaranta, a je a nemo waɗanda suka bar mu. Ƙofar dattawa a buɗe take ga duk mai neman a shiga tsakani. Ƙaho ya riga ya yi kuka, mai kunnen ji ya ji.

Ubangiji ya sa wa maganarsa albarka. Amin.