Jawabi Kan Ciyawar Bakin Kogin Binuwai

 

Abin da ya sa na miƙe yau maganar ciyawa ce. Na san wani zai ce, to Alhaji, ciyawa kuma? E, ciyawar da ke cikin ruwa da gaɓar Binuwai da tafkin Geriyo, irin su burgu da bado.

Jama'a, a cikin ciyawan nan karfasa da tarwaɗa ke samun mafaka, 'ya'yansu su ɓuya har su girma. Ita ce abincin ayu. Ita shanu ke ci da rani. Saiwarta kuma ita ke riƙe ƙasar gaɓa in ruwa ya taso. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru, ya san gaɓar da ba ta da ciyawa ita ke fara zaftarewa.

Ba mu kaɗai ba ne. A bakin teku ma, kamar a Senegal da Muritaniya, akwai ciyawar ƙarƙashin ruwa mai irin wannan aiki, kuma tana raguwa a duniya. Shi ya sa a 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Maris don tunawa da ita kowace shekara.

Ruwa ba ya tsami banza. Mu ke zuba shara da leda a kwata, ruwan sama ya kai su kogi. Mu ke noma har bakin ruwa, mu fesa maganin ciyawa. Wasu na ɗibar yashi ba ƙa'ida, wasu na zuba guba don kamun kifi. Ku dubi tafkin Njuwa a Yola yadda ƙasa ta cike shi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Manomi ya bar tazara tsakanin gonarsa da ruwa. Mu 'yan kasuwa mu daina sayen kifin guba da 'yan mitsi-mitsin da ba su isa kamu ba. Limamai da malaman Islamiyya su faɗakar, domin Musulunci ya hana ɓarna a bayan ƙasa.

Iyayenmu fatauci ya kawo su, ruwan nan ya riƙe su. Kada mu bar wa jikoki yashi.

Allah Ya sa mu gyara.