Ciwon ƙafa mai hana barci da ƙwayoyin bitamin na kyamis

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa a Unguwar Gano, Kano, bayan sallar Isha'i.

'Yan uwa, mas'alar da zan yi magana a kai ta shafe ni, don na daɗe ina fama da ita kafin in san tana da suna.

Abin shi ne, da zarar mutum ya kwanta da dare sai ya ji kamar tururuwa na yawo a cikin tsokar ƙafafunsa, ba zai sami sauƙi ba sai ya motsa su ko ya tashi ya zagaya ɗaki. Ya koma shimfiɗa, abin ya dawo. Da rana kuwa lafiya lau. Natija ita ce a makara sallar asuba, a wuni ana gyangyaɗi a aji ko a shago. Wani ya ce maka sanyi ne, wani ya ce shafar aljanu, alhali ciwo ne sananne. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya siffanta shi tun 1672, sannan Karl Ekbom na ƙasar Suwidin ya yi cikakken bayaninsa a 1945.

Ana gadonsa, yakan kuma zo da ciwon ƙoda ko juna biyu. Amma babban abin da likitoci ke fara dubawa shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen sarrafa motsin jiki. Kuma ku lura, jinin mutum na iya cika amma ajiyar ayon ɗinsa ta yi ƙasa.

To ni me na yi? Na tafi wani kyamis, aka haɗa mini bitamin B, da kwalbar maganin ƙarin jini, da ƙwayar mura mai sa barci. Wallahi abin sai ya ƙaru. Ashe irin wannan ƙwayar murar tana tsananta ciwon.

Mu kan ɗauka bitamin abinci ne, ko nawa aka sha ba komai. Ba haka ba ne. Bitamin B6 in aka daɗe ana shansa da yawa yana lalata jijiyoyi, ƙafa da hannu su riƙa mutuwa suna tsikari, wato maganin ya haifar da abin da ya yi kama da cutar. Shi ma ayon, jiki ba ya iya fitar da wanda ya yi yawa, taruwa yake yi a hanta da zuciya. Ɗan uwa mai sikila wanda ake yawan ƙara wa jini kada ya taɓa shi sai da izinin likita. Kuma a ɓoye ƙwayoyin daga ƙannenmu, don ɗan yaro in ya haɗiye su da yawa zai iya rasa ransa. Lambar NAFDAC a jikin kwali tana nuna an yi wa maganin rajista ne kawai, ba wai jikinka na buƙatarsa ba.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga shi nan kusa da mu a titin Zariya. A je a ga likita, a yi gwajin jini da ake kira feritin, shi ke nuna ajiyar ayon. Ga mai wannan ciwo, in ya gaza 75 likitoci kan ba da ayon, su auna adadi da tsawon lokaci. Kuma saurayi in ayon ɗinsa ya yi ƙasa sai an binciki ta ina jini ke zurarewa: tsutsar ciki ce, gyambon ciki ne, ko tsargiya.

Sai maganar shayi, na san nan zan taɓo wasu. Shayi mai kauri a kan abinci yana hana hanji tsotsar ayon, na dare kuma yana ƙara wa ƙafar rashin natsuwa, haka goro da sigari. A bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi. A ci hanta, da wake, da zogale, a bi da lemo. Kafin kwanciya a ɗan taka, a miƙe tsoka, a gasa ƙafa da ruwan ɗumi.

Wanda kuma aka ba shi shawarar taramol ko kodin don ya sami barci, ya zo mu raka shi wajen likita gobe.