Baƙin Hunturu: Ina Za Mu Je Mu Gan Su?



Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san shamuwa, ya san in ta sauka a kan tsamiyar gari damina ta ƙarato. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, tana juyawa kudu bayan ɗauke ruwa, wasu baƙin ke sauka a fadamunmu. Sanyin Turai da Rasha ne ya koro su, suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara, suna isowa daga Satumba, ba sa komawa sai wajen Maris ko Afrilu. Tambayar da aka ba ni yau ita ce: mai hutun kwana uku ko huɗu a hunturu, ina zai nufa ya gan su?

Amsata a taƙaice: kada ka bi sunan wuri, bi ruwa. Tsuntsu ba ya karanta allon gandun daji. Inda ruwa ke janyewa yana barin taɓo, nan abincinsa yake, nan kuma za ka same shi.

Mu fara da gida. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala a tsakanin Jigawa da Yobe kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Ambaliyar kan cika a Agusta da Satumba, sannan ta riƙa ja da baya sannu a hankali. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Yarjejeniyar kuwa an ƙulla ta ne a ƙasar Iran a 1971 don kare dausayi. A 2008 aka ƙara da Baturiya a Jigawa, da Dagona kusa da Gashuwa, da tafkin Maladumba kusa da Misau. Mutumin Kano in ya yi sammako, kafin la'asar ya isa kowannensu.

Ka shiga kwalekwale bayan sallar asuba, hazo bai gama tashi ba. Kunne ne zai fara aiki kafin ido: fito na kirinjijiya, garke guda suna wucewa ta saman kanka. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa sanda, ga dinya a bakin ciyawa. Waɗannan 'yan gida ne. Sai ka duba tsakiyar tafki, ka ga wata 'yar agwagwa da Turawa ke kira Garganey. Nauyinta da ƙyar ya kai rabin kilo, amma daga Turai ko Sibiriya ta taso. In Fabrairu ta kama, namijin kan fito da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, kamar an ja masa alli. A gonakin shinkafar da aka girbe kuma, za ka tarar da dubban wasu masu dogayen ƙafafu suna kalar hatsin da ya zube.

Sai dai kada ka ɗauki labarin bara ka yi guzuri da shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta sauya hali, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Kududdufin da ya cika bara yana iya zama busasshe bana. Don haka masunci ya fi taswira. Ka fara da gaishe da mai gari, ka nemi izinin jami'an gandun dajin wurin, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka fito. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu bakin teku. Wanda ke da dangi a Nima ko Sabon Zango a Ankara ta ƙasar Gana ya riga ya sami masauki, domin tafkin Sakumo yana tsakanin Ankara da Tema ne. Shi da Keta, wanda ya fi kowane irinsa girma a Gana, da Songor, da bakin kogin Densu, da Muni kusa da Winneba, duk sun shiga jerin Ramsar a 1992. A rani ruwansu kan ragu, taɓo ya bayyana, tsuntsayen gaɓa su taru. A bakin kogi kuwa, inda teku ke cika yana janyewa sau biyu a yini, agogon daban ne. Lokacin cikar kan jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Ka iso sa'a biyu kafin ya cika, ka zauna. Ruwan da kansa zai koro maka tsuntsayen har gabanka.

Mai halin shiga jirgin sama, ga Djoudj a arewacin Senegal, kusa da Saint-Louis, inda ake shiga jirgin ruwa a je mazaunin kwasakwasa dubbai. Ga kuma Banc d'Arguin a Muritaniya, inda tsuntsayen gaɓa kimanin miliyan biyu ke cin hunturu. Amma a gajeren hutu wuri guda ya isa; mai bin uku a mota zai ƙare.

Guzurin ba shi da yawa: madubin hangen nesa, littafin rubutu, riga marar walƙiya, da rigar sanyi. Ka juya wa rana baya, ka rage murya, kada ka tayar da garke don ɗaukar hoto. Wanda ya ƙetaro Sahara yana buƙatar ƙarfinsa na komawa.

Roƙona biyu ne. Duk Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, tun 1967. Ɗalibai, ku nemi shiga. Kuma in maharbi ko masunci ya nuna muku zoben ƙarfe da ya ciro daga ƙafar tsuntsu, ku rubuta lambar da ranar da wurin, ku kai wa masu bincike, kamar cibiyar APLORI ta Jos. Wani ne a wata ƙasa ya sa zoben nan da hannunsa, yana jiran ya ji inda baƙonmu ya sauka.