Hedimastan Argungu da Yaranmu na Ajame

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwana na Ajame Liberte da waɗanda suka ƙetaro gada daga Treichville, barkanmu da ganin wannan shekara.

An ba ni 'yan mintoci, zan yi su a kan wani malamin makaranta. Kowa ya san Alhaji Shehu Shagari a matsayin shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Ni aikinsa na alli da allo nake so mu duba.

An haife shi a ƙauyen Shagari, ƙasar Sakkwato, a 1925. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro. Ya fara da allo kamar kowannenmu, sannan a 1931 aka kai shi elemantare a Yabo, lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don kada a ɗauke su boko. Daga nan ya shiga midil ta Sakkwato, ya wuce kwalejin Kaduna, ya gama a 1944. Ya dawo Sakkwato yana koyar da kimiyya, a 1951 aka ba shi hedimasta a Argungu. Ku da kuke bin hanyar Gaya da Kamba kun san garin. A zamanin nan hedimasta, wato darektan lakwal a bakinmu na nan, shi ne malami, shi ne mai lallashin uban da ya zo janye ɗansa don gona, shi ne kuma mai lissafin kowane kwabo.

A 1954 aka zaɓe shi majalisar wakilai a Legas, har ya zama minista. Da sojoji suka kifar da gwamnati a Janairun 1966, sai ya koma gida. A 1967 ya karɓi aikin sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, asusun da aka kafa don gina makarantu. Tsohon minista guda, ya koma neman kuɗin aji da benci. Wannan ya fi burge ni a kan kujerar da ya hau daga baya. Na san akwai dattawa a nan da ba su manta korar baƙi ta Janairun 1983 ba, a zamanin mulkinsa, kuma ba zan ce su manta ba. Amma aikin makarantar nan, ya yi shi.

To mu fa? Ni ke cike takardun ƙungiya. Kullum sai alhaji mai kamiyo biyu na albasar Galmi ya kawo mini takardar duwan in karanta masa, domin faransanci aka rubuta ta, ɗansa kuwa yana tsaye a bakin shago tun safe. In ba na nan, ɗan kamasho ne zai karanta, ya faɗi abin da ya ga dama, ya ci rabonsa.

Tun 2015 dokar ƙasar nan ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16. Abin da ke tare yaranmu da yawa shi ne takardar haihuwa. Yaro ya yi shekara shida a lakwal, lokacin jarrabawar CEPE ya zo, a ce babu takarda, shi ke nan ya dawo kasuwa tura amalanke. 'Yan mata ma sun fi shan wannan.

Shawarata ga shugabanni ita ce, a cikin kuɗin wata da muke tarawa a ware wani kaso, ko kaɗan ne, na takardun haihuwa da kayan lakwal, a fara da marayun 'yan uwanmu da suka rasu a hanya. Ba a ce a bar makarantar allo ba. Shagari ma da ita ya fara.

Na buɗe rajista a ofis. Duk mai yaron da ba shi da takarda, ya zo da sunansa da shekarar haihuwarsa, kowace rana bayan la'asar ban da Juma'a. Hajiyoyi, ku ma ku zo da kanku, kada ku jira sai maigida ya dawo daga tafiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai mu baɗi lafiya. Wassalamu alaikum.