Lissafi Shi Ne Tushen Aikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An nemi in yi bayani kan sana'o'in na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma guda biyu zan ambata. Akwai injiniyan manhaja, mai rubuta wa na'ura umarni daki-daki da harshe irin Python, wanda ya fito a 1991. Akwai kuma masanin bayanai, mai tattara alƙaluman asibiti ko na banki ya tace su, har ya nuna inda cuta ke yaɗuwa ko inda kuɗi ke zurarewa.

Tushen duka biyun lissafi ne, darasin da yaranmu ke gudu. Kalmar algoridim ma daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, amma akwai ɗalibin da sai ranar jarrabawa yake fara taɓa ta. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan 3. Yaron da ba shi da tushe, ɗan kallo zai zama.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu: mu wadata ɗakin kwamfuta da na'urori da hasken sola, mu kuma tallafa wa malaman lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri.