Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Kukan Ƙarƙashin Mota

 Maganar yau ta mota ce, amma ba ta injin ba, gama injin in ya yi tari ko yaro ya ji. Magana ce ta ƙarafan da ke ƙarƙashi, waɗanda ke ɗaukar ƙarfin injin su kai wa tayoyi. Ba mai ganinsu, saboda haka ba mai tunawa da su sai ran da suka kwantar da motar rangadi a daji.

Wanda ya san ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum ya san dalilin wannan jawabi. Babbar hanya ta bi daga Anka ta Daki Takwas ta nufi Gummi, amma yawancin talakawan hakimi ba a bakinta suke ba. Da an ratse, sai ƙura da yashi da rani, laka da rafuka da damina. A 2010, sa'ad da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ta irin waɗannan hanyoyi aka kai likitoci da magani. Yanzu kuwa da 'yan bindiga suka addabi ƙasar, motar da ta mutu da la'asar tsakanin gari da gari ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba.

To, ga yadda abin yake. A motar da tayoyin baya ke turawa, ko mai jan ƙafa huɗu kamar Hilux da Land Cruiser da Land Rover, akwai doguwar sandar ƙarfe daga giyabos zuwa aksul, ita direbobi ke kira farfela. Da yake aksul yana hawa yana sauka bisa ga ramukan hanya, an yi wa farfela gaɓa a kowane kai, mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa tana juyawa cikin ƙoƙo mai cike da siraran ƙarafa kamar allurai, da giris. Kafin taya ta juya sau ɗaya farfela ta juya wajen sau huɗu, watau motar da ke gudun kilomita 80 farfelarta na juyawa fiye da sau 2,000 a minti guda. Abin da ke irin wannan gudu, in ya sami sako-sako ko na kaurin farce, lalle sai ya yi magana.

Maganar tasa kuwa iri-iri ce, kuma kowace tana nuna wurin ciwo. In direba ya sa giya, ko ya ɗaga ƙafa daga totur ya sake takawa, aka ji ƙwas sau ɗaya daga ƙasa kamar an buga guduma, gaɓar farfela za a fara tuhuma. In ana jin ƙiiƙii a hankali sa'ad da mota ke fita daga ƙofar gida, yana ƙaruwa da juyin taya, giris ya ƙare, allurai na cin juna. Sau da yawa akan ga jan gari kamar na tsatsa a bakin ƙoƙon. Karkarwar da ke tasowa ta kujera in an yi gudu tana da gwaji mai sauƙi: a hanya miƙaƙƙiya da ba kowa, direba ya cire giya na ɗan lokaci ya bar injin ya lafa. In karkarwa ta tafi, a nemi injin. In tana nan, a nemi farfela ko tayoyi.

Akwai kuka biyu da ke rikita mutane, domin duk gunji ne daga baya. Na haƙoran cikin aksul yakan sāke murya in an taka totur ko an saki. Na boris ɗin taya bai kula da totur ba, sai dai ya ƙaru ko ya ragu in mota ta karkata dama ko hagu. Ƙananan motoci masu ja da tayoyin gaba, irin Golf ɗin 'yan haya, ba su da doguwar farfela. Nasu ciwon shi ne ƙas-ƙas-ƙas in an sha kwana sosai, kuma kusan kullum za a tarar robar da ta rufe gaɓar ta yage, yashi ya shiga.

Kunne ya nuna wuri, hannu ne zai tabbatar. A tsai da mota a wuri mai tudu ɗaya, a kashe injin, mai shiga ƙasa ya sa makulli cikin aljihunsa. A tokare tayoyi gaba da baya da manyan duwatsu, sa'an nan a cire giya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Masu tsohuwar Land Rover su lura, birkin hannunta farfelar baya yake kamawa, don haka sai an sake shi za a ji gaskiya, abin da ya sa duwatsun nan suka zama dole.

A nan ne ake yawan kuskure, har a yi asarar kuɗi. In an kama farfela dukanta aka murɗa, takan ɗan juya kaɗan kafin ta cije. Wannan ba laifi ba ne, ɗan sarari ne da maƙera suka bari tsakanin haƙoran aksul da gangan. Haka kuma wurin da farfela ke zamewa ta ƙara tsawo ta rage, motsinsa ciki da waje daidai ne. Amma in an riƙe gaɓa da hannu biyu, ɗaya a kowane gefenta, aka murɗa su saɓanin juna, ba a yarda da motsi ko kaɗan ba. In ya motsa, gaɓar ta mutu, giris ba zai tashe ta ba. Sa'an nan a girgiza farfela sama da ƙasa, a duba boris ɗin tsakiya da robarsa in tana da shi, a taɓa notocin da suka ɗaure ta. Noti ɗaya da ya kwance ya isa ya sa a ce giyabos ya lalace.

Abin tsoro shi ne gaɓar gaba. In ta tsinke cikin gudu, kan farfela yakan faɗo ya soki ƙasa, ya cira bayan mota, wani lokaci har ya kifar da ita.

Hakimi ba makaniki ba ne, ba a kuwa nemi ya zama ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya saurari direbansa. Direba da yawa sun ji ƙwas ɗin nan tun watanni, suka yi shiru don kada a ce su suka ɓata mota ko suna neman kuɗin cefane. Malamin hakimi kuma ya ajiye littafi na mota, ya rubuta ranar da aka fara jin kuka, da irinsa, da ko a gudu ne ko a kwana ko wajen sa giya. Wannan rubutu shi zai karanta wa makaniki. In makaniki ya ce sai an sauke giyabos ko aksul, a roƙe shi da girmamawa ya fara nuna gaɓoɓin farfela a gaban direba, domin kuɗin gaɓa ɗan kaɗan ne a kan na giyabos. Kafin a kwance farfela a yi mata shaida da fenti, a mayar da ita yadda aka same ta, in ba haka ba sai ta komo da karkarwar da ba ta da ita da. Tsohon ƙarfen da aka cire a kawo wa malam ya gani kafin ya rubuta kuɗi.

Saura maganar damina. Duk ran da mota ta ƙetare ruwan da ya kai aksul, kamar yadda ya zama tilas ga mutane da yawa lokacin ambaliyar Gummi a 2024, a dura wa gaɓoɓi sabon giris in suna da bakin durawa, har tsohon ya fito. A kwance notin man aksul a duba: in man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo kafin tafiya ta gaba. Mai jan ƙafa huɗu kuma ya tuna ya cire giyar laka da zarar ya hau kwalta.