Tsoro da Jarumta a Rayuwar Matashi Musulmi: Jawabin da aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Cadakori

 



Da shugabanni suka ce in yi magana kan jarumta a wannan rana ta tunawa da kafa ƙungiyarmu, sai da na yi dariya, domin wanda suka zaɓa matsoraci ne. Amma na karɓa, saboda a wannan ƙasa tamu tsoro ba labarin littafi ba ne. Tun daga 2019 dubban ƴan uwanmu suka ƙetaro daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƴan bindiga sun kore su daga gidajensu. Cadakori na cikin wurare uku da aka zaunar da su nesa da iyaka, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Muna sallah sahu ɗaya da su, mun ji abin da suka gani. Kuma ta ɓangarenmu ma, garuruwan bakin iyaka sun san satar shanu, sun san ɗaukar mutum a nemi kuɗin fansa. Saboda haka in yaro ya ce mini gabansa na faɗuwa in ya ji ƙarar moto da tsakar dare, ba zan ce masa imaninsa ne ya yi rauni ba.

Ku fara riƙe wannan: jin tsoro ba zunubi ba ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya fita Masar yana tsoro yana waige-waige, kuma ranar da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu ya ji tsoro a ransa, har Allah Ya ƙarfafa shi. Annabi ne fa, wanda Allah Ya yi magana da shi. To ni da kai su wane ne? Abin da za a tambaye ka shi ne me ka aikata bayan tsoron ya shigo.

Ni ga abin da na aikata. Wata damina, bayan sallar isha'i, wani saƙon murya ya shigo salulata, mutum yana haki yana cewa ga su nan tafe, kowa ya yi ta kansa. Ban san mai muryar ba, bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba. Kafin in ƙirga goma na tura shi gurup uku. A ƙauyen kakannina mata suka kwashi ɗiya suka kwana cikin gero, ana yayyafi. Wata tsohuwa kunama ta harbe ta, wani jariri ya kwashi sanyin da ya kai shi gidan likita. Da gari ya waye aka gano saƙon tsoho ne, kuma daga wata ƙasa can daban. Kawuna ya kira ni ya ce, "Kai da munka sa karatu, kai ne ka kore mu daji?" Wallahi har yau in na tuna kunya nake ji. A lokacin gani nake taimako na yi. Gaskiyar ita ce tsoron ya yi mini nauyi, sai na sauke shi kan mutane. Suratun Nisa'i, aya ta 83, ta zargi masu wannan hali: labarin aminci ko na tsoro ya zo musu su watsa shi, maimakon su kai shi ga waɗanda ke iya tantancewa. Na karanta ayar sau da yawa kafin wannan dare, amma sai bayansa na gane da ni take.

Yanzu ku dubi yadda Manzon Allah ya yi a irin wannan hali. Anas ɗan Malik ya ba da labari, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa wani dare mutanen Madina sun ji ƙara suka firgita. Suna fita wajen da ƙarar ta fito sai suka gamu da Annabi yana dawowa, bisa dokin Abu Ɗalha ba sirdi, takobi rataye a wuyansa. Ya riga kowa zuwa, ya duba, ya dawo yana kwantar musu da hankali. Wato ya tabbatar da abin da ke akwai kafin ya buɗe baki.

Sai kuma hijira, a shekarar 622. Na fi son wannan labari saboda yana gyara wata gurguwar fahimta da ke tsakaninmu, cewa mai tawakkali ba ya shiri. Madina tana arewa da Makka, amma Annabi da Sayyidina Abubakar kudu suka nufa, suka shiga kogon Sauru, suka kwana uku. Abdullahi ɗan Abubakar yana yini cikin Ƙuraishawa yana saurare, da dare ya kai labari. Asma'u ta shirya guzuri. Amiru ɗan Fuhaira yana kora tumaki ta wajen, su sha nono, sawu kuma ya ɓace. Aka ɗauki ɗan jagora masanin hanya, wanda a lokacin bai ma musulunta ba. Duk wannan shiri an yi shi, sannan da masu nema suka tsaya bakin kogo, dabara ta ƙare, Abubakar ya tsorata, nan ne Annabi ya tuna masa Allah na tare da su. Ku lura, waɗanda suka ɗauki wannan aiki mai haɗari, ɗan Abubakar da ɗiyarsa, matasa ne kamar ku.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya ajiye jarumta tsakanin abu biyu, ragwanci a gefe guda, ganganci a ɗaya gefen. Mu samari ganganci ya fi kama mu. Wanda ya haɗiye tramol don zuciyarsa ta bushe ba jarumi ba ne, ya kashe ƙararrawar da Allah Ya sa masa ne. Haka wanda ya sayar da akuyar uwarsa ya kai wa boka jika ashirin don a ba shi maganin bindiga, sannan ya tsaya fada yana bugun ƙirji. Tsoronsa na nan daram, ya ƙara masa da shirka da asarar akuya.

Akwai tsoron da ya fi na dare wahalar magani, shi ne tsoron bakin mutane. Kana zaune fada ana shan shayi, wani ya ce baƙin nan da aka zaunar su ne ke jawo mana ɓarayi, ko ya ce kowane Bafillace ɗan bindiga ne, kowa ya yi dariya. Ka san ƙarya ce, ka san irin wannan magana ce ke zama jini daga baya, amma ka yi shiru kada a ce ka cika iyayi. Nan ake auna mutum. Ga masu tsangwamar baƙi kuwa, ina tuna musu tarihi. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana ƙasar Sabon Birni ne, inda da yawa cikin baƙin nan suka fito. Gobirawan da suka watse daga can su ne daga baya suka kafa Tsibiri. Wanda ya zo yau da tabarma bisa kai, hanyar da kakannin da yawa cikinmu suka biyo ya biyo.

Malamanmu suna cewa zuciya ɗaya ce, in tsoron Allah ya cika ta, sauran tsoro sai ya rasa wurin zama mai faɗi. Wannan ba ya samuwa rana ɗaya, kamar noma yake. Yaron da ya saba tashi asuba cikin sanyin hunturu, ya bi duhu ya tafi masallaci, yana koya wa ransa jin magana. Wanda ya riƙe azkar na safe da maraice yana tuna wa kansa kullum wa ke riƙe da rai da arziki. Wanda ya iya cewa "ni na yi, ku yafe mini" gaban mahaifinsa kan ƙaramin laifi, shi ake sa ran zai iya faɗin gaskiya gaban mai gari ranar da shaida ta yi tsada. Ku ƴan mata, ku ma haka: wadda aka matsa wa ta bar karatu, ta samu malaminta ko gwaggonta ta yi magana cikin ladabi, muryarta na rawa amma ta faɗa, ta yi abin da maza da yawa suka kasa.

Ina da roƙo guda ga shugabannin ƙungiya, in sun yarda a sa shi cikin dokokinmu. Duk saƙon tashin hankali da ya shigo salular ɗan ƙungiya, kada ya tura shi ko'ina sai ya kira mutum biyu da za a zaɓa a kowane reshe, su tuntuɓi mai gari ko jandarmomi. In gaskiya ne a sanar da jama'a da natsuwa, a fara da tsofaffi da masu goyo. In ba gaskiya ba ne ya mutu a nan. Ni na ba da sunana, a fara rubutawa da shi, domin ƙauyen kakannina na bi na bashin kwana ɗaya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ƴan bindiga, Ya mai da baƙinmu gidajensu cikin aminci.